Barewar Maharbi da Zarton Baba Mai Faskare

Akwai wani mutum a wata unguwa ta bakin gari, inda gidaje suke ƙarewa daji ya fara. Aikinsa na ainihi sayar da tayil na daɓen ɗaki ne a wani babban shago, amma ba mai kiransa da wannan. Maharbi ake ce masa, shi ma haka yake so. Yana da bindigar farauta da lasisinta, kuma da zarar hukuma ta buɗe lokacin farauta, ba ka ƙara ganinsa a gida ranar Asabar.

Ba mugun mutum ba ne. Yana da fara'a, hannunsa kuma a sake yake. Matsalarsa ɗaya ce: bai iya cewa "ni na yi" ba. Ko kofi ya fasa a kicin, sai ya ce matarsa ce ta ajiye shi a bakin tebur.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da wani dattijo da ake kira Baba Mai Faskare. Matar Baba ta daɗe da rasuwa. 'Yarsa ɗaya ce, nas ce a wani asibiti a cikin gari, tana leƙo shi duk ƙarshen mako. Shekara arba'in Baba yana yanka itace, ya faskara, ya sayar. Mai gidan burodi na bakin titi a wurinsa yake saye tun ba a yi wa titin kwalta ba.

Da za ka shiga rumfar kayan aikin Baba, sai ka ɗauka ɗakin magani ne. Gatura uku, kowane da ƙusar da ake rataye shi. Guduma a kusurwa, ƙarafan tsaga a jere. A kan tebur kuma injin zartonsa ne, ja, lulluɓe da tsohon tawul.

Kullum idan ya tashi daga aiki sai ya buɗe murfin injin ya share garin itace da buroshi, ya kaɗe matatar iska, ya duba man sarƙa. Sannan ya ɗauko siririn magagari ya bi haƙoran sarƙar ɗaya bayan ɗaya, kowane haƙori goga uku. Yakan sa alli a haƙorin da ya fara da shi don kada ya maimaita.

Wata rana iska ta kayar da wata katuwar bishiya a bayan gidan Maharbi. Ya zo ya ce a ara masa injin.

Baba ya ce, "Ɗana, yau zan tafi ɗauko itace. Ka bari gobe in zo in yanka maka da kaina."

Maharbi ya yi dariya. "Haba Baba! Mai riƙe bindiga ne zarto zai gagara?"

Baba ya ɗauko injin ya miƙa masa. "To, abu biyu kawai. Duk sanda ka zuba fetur, ka zuba man sarƙa. Kuma kada haƙoran su taɓa ƙasa."

Duka biyun Maharbi ya saɓa. Aiki ya yi masa daɗi, ya manta da mai. Da ya zo gindin bishiyar sai ya tura zarton har cikin ƙasa da tsakuwa. Can sai hayaƙi ya tashi, warin ƙonannen ƙarfe ya cika wurin. Da ya kashe injin ya duba, sarƙar ta yi baƙi, ta saki, haƙoran sun dakushe.

Ya sa tsumma ya goge shi tas. Ya zagaya ya mayar da shi kan tebur tun Baba bai dawo ba, ya rufe shi da tawul ɗinsa. Ragowar bishiyar kuwa ya jawo ta gefe, manyan gumagumai a jibge.

Washegari Nas ta zo ganin mahaifinta. Mai gidan burodi ma yana tsaye yana jiran a cika masa mota. Baba ya ɗauko injinsa kamar kullum, ya ja igiya, ya ɗora a kan itace. Ko minti ɗaya ba a yi ba sarƙar ta tsinke, ta fyaɗo, ta yaga masa wando ta yanke shi a ƙwauri.

Nas ta yi ƙara. Maharbi ya ji, ya shigo da gudu.

Ana ɗaure masa ƙafa, Baba ya miƙa hannu ya buɗe wurin man sarƙa. A bushe yake ƙayau. Ya ɗago ya dubi maƙwabcinsa.

"Ɗana, da ka yi aikin jiya, ka zuba mai kuwa?"

Ga Nas, ga mai gidan burodi, ga wasu maƙwabta biyu a bakin ƙofa. Maharbi ya ji duk idanu a kansa.

Ya ce, "Ni ai ban ma kunna shi ba, Baba. Da na ga bishiyar ta fi ƙarfina sai na kira masu yanka da nasu injin. Yadda ka ba ni haka na mayar." Da ya tsaya nan ma da sauƙi. Sai ya ƙara da murmushi, "Ko dai kai ka manta? Ka san shekaru."

Baba ya sake duban wurin man. Nas kuwa ta daina naɗa bandejin, ta zuba wa mahaifinta ido, irin kallon da take yi wa marasa lafiya.

A ranar ta sayo kwaɗo ta kulle rumfar, ta jefa makullin a jakarta. Mai gidan burodi ya koma saye a wani wuri. Magana ta zaga unguwa cewa Baba Mai Faskare ya fara mantuwa.

Da yamma matar Maharbi ta same shi a tsakar gida. Ta ce, "Maigida, na gan ka kana goge injin nan. Ka je ka faɗi gaskiya."

Ya ce, "Ƙaramin abu ne. Kwana biyu za a manta."

Ba a manta ba. Wata uku Baba yana zaune a kan benci a ƙofar gidansa, hannuwansa a kan gwiwa. Idan Maharbi zai fita aiki sai ya yi kamar yana amsa waya don kada su haɗa ido. Baba kuwa kullum sai ya ɗaga masa hannu.

Sai ga wata Asabar, Allah ya ba Maharbi sa'a. Da sassafe ya harbi wata babbar barewa, irin wadda bai taɓa samu ba.

Duk wanda ya san farauta ya san nan take ake farke ciki a cire kayan ciki, naman ya sha iska. Maharbi ya sani. Amma yana so a gan ta ɗungurungum. Ya ɗora ta a bayan motarsa, ya bi ta shagon tayil, ya tsaya aka yi hotuna. Ya bi ta gidan abokinsa Dogo, nan ma aka yi hotuna. Ya gayyato Dogo da wasu abokan aiki biyu su zo su ga yadda gwanaye suke fiɗa.

Sai da rana ta take sannan suka iso gida.

Matarsa ta tare shi a ƙofa. "Maigida, tun safe babu wuta. Firiza har ta fara zubar da ruwa."

Ya ce, "Ba komai. Ƙyafe shi za mu yi da hayaƙi, kamar yadda ake yi da can."

Suka rataye barewar a jikin ƙarfen rumfar mota. Cikinta ya riga ya kumbura, ƙudaje sun fara taruwa. Maharbi ya zaro wuƙarsa mai kyan kube, wadda rabonta da dutsen wasa wuƙa tun ranar da ya saye ta. Ya goga, ya goga, fata ta ƙi tsagewa. Ya danna da ƙarfi. Wuƙar ta zarce ta huda tumbi.

Abin da ya zubo, da warin da ya biyo baya, sai da Dogo ya ja baya yana toshe hanci da hularsa.

Dogo ya ce, "Gwani, haka ake yi da can ɗin?"

Sauran suka kwashe da dariya. Maharbi ya ji kunnuwansa sun yi zafi. Ya ajiye wuƙar ya ce bari ya fara haɗa wuta tukuna.

Itacen da ke gidan kuwa manyan gumaguman bishiyar nan ne, ko ɗaya ba a faskara ba. Ya shiga sito ya lalubo gatarinsa, duk tsatsa, ƙotar ta bushe ta yi sako-sako. Ya tofa yawu a hannu, ya ɗaga sama, ya kawo sara da iya ƙarfinsa.

Kan gatarin ya fice. Ya wuce ta gefen kafaɗar matarsa, wadda ke ɗauke da roba, ya haye katanga ya faɗa kan kwanon rumfar Baba da wata irin ƙara.

Maharbi yana tsaye da ƙota tsirara a hannu, matarsa ta dafe ƙirji.

Jim kaɗan aka yi sallama a ƙofa. Baba Mai Faskare ne, yana ɗan ɗingisawa. Kan gatarin yana hannunsa na dama, a na hagu kuma dutsen wasa wuƙa, wanda ya tsira daga kulle saboda a kicin yake ajiye shi.

Ya ce, "Wannan naku ne, ina ji. Ba wanda ya ji ciwo dai ko?"

Bai jira amsa ba. Ya dubi barewar, ya dubi rana, ya girgiza kai. "Idan aka ƙara awa ɗaya, ko kare ba zai ci ba. 'Yata, kawo ruwa mai yawa da gishiri, da duk robar da kike da ita."

Ya zauna a kan gungume ya ɗiga ruwa a dutsen. Ya kwantar da bakin wuƙar ya dinga ja a hankali, wannan gefe, wancan gefe. Ya gwada a gashin hannunsa, gashin ya zube. Sannan ya miƙe.

Abokan Maharbi da suka zo kallon gwani, sai ga su suna kallon dattijo. Ya buɗe cikin ya fitar da komai a tare cikin roba ɗaya. Ya wanke wurin da ya ɓaci, ya yanke duk tsokar da ƙazantar ta taɓa ya jefar, ba ya ko waiwaye. Haƙarƙarin gefe ɗaya gaba ɗaya ya tafi a haka.

Ya tsaga fatar daga ƙafafu, ya sa dunƙulen hannu tsakanin fata da nama yana turawa, tana saluɓewa kamar riga. Ya bi gaɓa ya cire cinyoyi ba tare da ya sari ƙashi ba. Ya cire karfata. Ya zare dogayen tsokoki biyu na gadon baya ya ajiye su daban.

Ya ce da Maharbi, "Ɗana, zo ka riƙe nan. Ka ga farar yanar nan da ke kan tsoka? Cire ta za ka yi, in ba haka ba naman zai yi tauri. Kwantar da wuƙar, kada ka tsayar da ita. Yauwa, haka. Ai ka iya."

Wannan "ai ka iya" ta fi wa Maharbi zagi ciwo. Ya sunkuyar da kai yana yankan naman sala-sala, matarsa tana barbaɗa gishiri. Ko sau ɗaya ba ta dube shi ba.

Baba ya koma kan gatarin. Ya kankare bakin ƙotar, ya mayar da kan, ya fiƙe wani ɗan itace ya buga a tsakiya har ya kama gam. Ya goge tsatsar, ya wasa bakin. Ya zagaya gungumen yana neman inda ya fara tsagewa da kansa, ya sa sara ɗaya a wurin. Itacen ya rabu biyu.

Dogo ya ce, "Kai! Wannan ne aka ce ya fara mantuwa?"

Baba ya yi ɗan murmushi. "Hannu ne bai manta ba. Kan ne dai ban sani ba."

An haɗa wuta, ta zama garwashi, an ɗora raga an fara jera nama ke nan, sai aka ji tsayuwar mota a waje. Nas ce ta shigo da sauri, da kayan aikinta a jiki.

Ta ce, "Baba! Na duba ko'ina ban gan ka ba. Ba mun yi da kai ba za ka ƙara taɓa abu mai kaifi ba?" Ta karɓe gatarin daga hannunsa a hankali, kamar yadda ake karɓe almakashi a hannun jariri. "Na gama sa jakunkunanka a mota. Mu tafi tun da rana."

Matar Maharbi ta ce, "Tafiya ina?"

"Wurina zai koma. Na gyara masa ɗaki a bene na uku. Gidan nan kuma zan rufe shi." Ta juyo wurin Maharbi. "Yaya, ban taɓa yi maka godiya ba. Kai ka fara buɗe mini ido. Da ba ka faɗi maganar nan ba ranar, da ina nan ina ganin lafiyarsa ƙalau har sai injin ya cire masa ƙafa. Allah ya saka da alheri."

Maharbi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya dubi Baba, wanda ke wanke hannu a bokiti, yana shirin bin 'yarsa. Ya dubi matarsa. Wannan karon ta dube shi, ido cikin ido.

Baba ya kai bakin ƙofa ke nan Maharbi ya ce, "Ku tsaya."

Suka juyo.

"Ni ne. Ni na lalata injin. Na kunna shi, na yi aiki da shi wuni guda ban zuba mai ba, na tura shi cikin ƙasa. Da ya ƙone na goge na mayar na rufe. Babu wasu masu yanka da na kira. Baba bai manta komai ba. Ƙarya na yi."

Kitse ne kawai ke ɗiga a garwashi yana ƙara.

Maharbi ya ɗauka Baba zai ce dama ya sani. Da hakan ya faɗa, da ya fi masa sauƙi. Amma Baba sai ya lalubi gungume ya zauna.

A hankali ya ce, "Ashe ba ni ba ne."

Ya shafa kansa da hannu biyu. "Da farko na ce kai ne. Sai na ce, me zai sa maƙwabcina ya yi mini ƙarya a gaban 'yata? Sai na fara tunanin ko da gaske ne. Wata uku, idan na rufe ƙofa sai na koma sau uku na duba. Idan na ɗora ruwa a wuta ba na iya barin wurin. Ranar nan na nemi tabarau na ɗan jima ban gani ba, na zauna na yi kuka, na ce shi ke nan, abin ya zo." Ya ɗago da idanu jajur. "Ashe kaina lafiya yake."

Maharbi ya durƙusa a gabansa cikin jini da toka. Ya ce, "Baba, ka yafe mini."

Nas ta ajiye gatarin. Muryarta ba ta tashi ba, amma kowa ya ji ta. "Na kai shi wurin likita sau biyu. An ce ba a ga komai ba, na ce likitan ne bai iya ba. Na kulle wa ubana sana'arsa da hannuna saboda maganarka. Kullum kana wucewa ta gabansa."

Dogo da sauran suka sulale ɗaya bayan ɗaya, ko sallama babu.

Baba ya dafa kafaɗar Maharbi. "Tashi. Na yafe. Juya naman can, yana ƙonewa."

Nas ba ta ce ta yafe ba. Ta fita ta sauke jakunkunan da kanta, ta hana kowa taya ta. Ta buɗe jakarta ta ciro makullin rumfar ta sa a tafin mahaifinta, ta riƙe hannun da hannayenta biyu, ta daɗe a haka. Da matar Maharbi ta kai musu cinya guda da wuyan barewar da yamma, Nas ta ce a mayar. Baba ne ya ce a bar wuyan kawai, ya ishe shi.

Ranar Litinin Maharbi ya sayo sabuwar sarƙa da sabon ƙarfen da take zagayawa a kai. Baba ya karɓa, ya juya su, ya ce sun yi. Amma Maharbi ya san ba injin kaɗai ya lalata ba.

Ya fara da maƙwabta biyun da suka tsaya a ƙofa ranar. Ya ƙwanƙwasa, ya faɗi abin da ya yi, ya tsaya ya sha kallo. Na ƙarshe shi ne mai gidan burodi. Ya same shi a gaban tanda, ma'aikatansa duk suna wurin.

Mai gidan burodi ya saurare shi har ya gama. Ya goge hannu a tawul ya ce, "Wato kai ne."

"Ni ne."

"To yanzu me kake so in yi?"

"Ka koma saye a wurinsa."

Mutumin ya dube shi daga sama har ƙasa, da gogaggiyar rigarsa ta zuwa shago da takalmi mai sheƙi. Ya ce, "Zan koma. Amma lodin farko kai za ka kawo shi, kai za ka sauke. Yanzu, ba gobe ba."

Haka aka yi. Da tsakar rana, titi cike da mutane, Maharbi ya dinga ɗaukar faskare a ƙirji daga mota zuwa bayan tanda. Rigarsa ta yage a hannu, gumi ya jiƙe shi. Masu wucewa suna tsayawa suna tambayar me ya faru, mai gidan burodi yana ce musu, "Ku tambaye shi, zai faɗa muku."

Duk wanda ya tambaya kuwa, sai Maharbi ya ajiye itacen ya faɗa masa, daga farko.

Darasi: Ƙaryar da ka yi don ka tsere wa kunyar minti ɗaya ba ta tsaya a bakinka ba, kan wani take faɗawa. Tana iya raba mutum da sana'arsa, ta sa 'ya'yansa su daina yarda da shi, har shi kansa ya fara shakkar hankalinsa. Idan ka ɓata kayan aro, ka ce "ni na yi" tun a ranar. Idan kuma akwai wanda yake ɗauke da laifinka yanzu haka, kada ka jira sai ya zo ya taimake ka kafin ka sauke masa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai wannan labari, wataƙila akwai wanda yake buƙatar ya ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabcinsa yau.